An Bar Ta a Zugu

A gidan suna maganar ta fara, ta bi ta wajen masu ƙosai, ta kwana biyu a bakin famfo, kafin ta iso ɗakina ranar Laraba da hantsi ta sha gishiri ta sha yaji. Wai Malam Labbo, tsohon hedimastan nan da ke neman aurena, ranar da 'yan bindiga suka shiga Zugu mashin ya haye ya tsere, ya bar matarsa Zulai a tsakar gida. Wai har tana riƙe masa riga yana fizgewa.

Ku da kuka daɗe kuna bin labarin nan nawa a waya kun san ni. Sababbin zuwa kuwa, ku kira ni Hure. Ba shi ne na yanka ba, duk sunayen da ke nan na musanya su. Shekarata sittin da huɗu, talatin da biyu daga ciki na yi su ina koya wa 'yan mata Turanci a nan Gummi. Maigidana ya rasu shekara tara ke nan. Kuma e, aure nake son yi. Mai dariya ya yi ya gama, ina jira.

Mardiyya, matar ɗana Muntari, ita ta kawo mini. Ina zaune bisa tabarma ina ɓamɓare lallen ƙafa, ta shigo da kwanon fura, ta durƙusa ta ajiye, amma ba ta tashi ba. Ta kama gyara ɗaurin ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Inna, kin ko ji abin da aka cewa?"

"Wa ka cewa?"

"Mutane."

"Mutane ba suna ba ne. Wa?"

Ta sadda kai, ta zayyana mini tas, har da rigar. Na tambaye ta launin rigar, tunda mai labarin kamar a gabansa aka yi. Ta ce ita dai haka ta ji.

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku yadda muka haɗu da mutumin, don ku san abin da ake son raba ni da shi.

Shekara biyu da suka wuce aka tara mu 'yan fansho a wata makaranta a Anka don tantancewa, da azumi a bakinmu, rana kamar ta fasa kai. Muntari ne ya kai ni a motarsa, ya tsaya jirana a gindin bishiyar dogon yaro. A kan bencin da na samu wuri, wani dogon tsoho mai farar jamfa da tabarau ɗaure da zare yana ta fama da rubuta takarda. Ni kuwa Allah Ya ɗora mini wata lalura, idona ba ya iya wuce Turancin wani bai leƙa ba. Sai ga shi ya rubuta: "I am the oldest headmaster of Bukkuyum."

Na daure. Na yi salati. Na kalli rufin kwano. Daga ƙarshe na zaro jan biro daga jaka.

"Malam, a yi haƙuri. Ba *of* ba ne, *in* ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya, da ni kike?"

"Da takardarka nake. In ka ce ka fi kowa, kuma wuri za ka ambata, gari ko makaranta ko gida, *in* ake sawa. The oldest headmaster in Bukkuyum. In kuwa cikin mutane ka ware kanka, sannan *of* ke shigowa. The oldest of the headmasters. Bukkuyum wuri ne, ba taron mutane ba."

"Shekara talatin ina rubuta haka, ba wanda ya taɓa tanka mini."

"Saboda kai ne hedimasta."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya miƙo mini takardar ya ce in duba sauran. Ina cikin dubawa wayarsa ta yi ƙara. Ya kara a kunne, ban ji abin da aka faɗa masa ba, na dai ga ya miƙe ya fita a guje, tsoho da shi. Ta taga na hango hularsa ta faɗi, Muntari ya tsinta ya bi shi da ita. Takardar ta zauna a hannuna. Na sa ta cikin babban ƙamus ɗina na manta.

Bayan shekara da 'yan watanni, sai ga sallama a zaure. Wai ya zo karɓar takardarsa. Na ce ba ni bayarwa, shaida ce. A nan na ji matarsa ta rasu a harin Zugu, yanzu yana zaune a Anka. Wane hari, ban tambaya ba, don ba sau ɗaya aka shiga garin ba, kuma ba a tonon miki a ranar gaisuwa.

Tun daga nan, kullum bayan sallar asuba saƙonsa ke fara shigowa wayata, kuma kullum da kuskure ɗaya da ya dasa da gangan.

"You are the most stubborn woman of Gummi."

Ni kuwa: "In Gummi."

Shi: "Madalla. Kin amince ke nan."

Jama'a, shekara tara ba wanda ya sa ni dariya kafin in sha kunu. 'Ya'ya suna kawo abinci, suna kawo magani, suna kawo atamfa da Salla. Ba wanda ke kawo gardama. Ranar Juma'ar nan mutanensa za su zo neman izini wajen Muntari, don 'yan'uwana maza duk sun riga ni, shi ne waliyyina. Har na ba da ɗinkin shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, na sa an yi mini lallen da nake ɓamɓarewa. Sai ga wannan magana ana saura kwana biyu.

Da azahar Muntari ya dawo daga kasuwa, sana'arsa sayen wake da gero. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa, ya ƙi zama.

"Inna, ni ba ni karɓar mutanen nan ran Juma'a."

"Zamna."

"Inna..."

"Na ce zamna. Ba ni magana da mutum shina tsaye kamar ɗan sanda."

Ya zauna a bakin gado.

"Mutumin da ya bar mata tai ga 'yan bindiga, shi zan ba uwata? Gobe in wani abu ya taso nan Gummi fa?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ɗan cikinsa, Rabe. Tare muke awon wake a kasuwar Bukkuyum. Ɗa ba ya yi wa ubansa ƙarya, Inna."

"Wannan kuma a wane littafi ka karanta? To mi yac ce? Faɗa mini yadda ya faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya ɗaga kai yana tunawa. "Na yi masa ta'aziyya, na ce yaya anka yi. Ya ce, 'An bar ta a gida.' Sai hawaye."

"An bar ta. Wa ya bar ta?"

"To Inna, wa ka barin mace in ba mijinta ba?"

"Ka tambaye shi?"

"Haba Inna! Mutum na kuka?"

Nan raina ya ɓaci. Shekara talatin da biyu ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan mata bambancin jimlar da ke faɗin wanda ya yi aiki da wadda ke ɓoye shi, abin da Turawa ke kira *active* da *passive*. Nakan rubuta musu "The cup was broken", in ce wannan jimlar yarinyar da ta fasa kofi ce. Kofi ya fashe, gaskiya ne, ba ƙarya a ciki, amma mai hannun ta shige bayan labule. Nakan ce musu mu ma muna da tamu, 'yar ƙaramar kalmar nan "an". An ce, an yi, an ɗauke, an cinye. Duk wanda ya ce muku "an", ku ce masa "wa?" 'Ya'yan mutane dubu sun ji, ga ɗan cikina ya ɗauki "an" ya liƙa mata suna da kansa, ya kai wa matarsa, matarsa ta kai gidan suna.

"Ba ni kwana ɗaya," na ce.

"Ko goma ne Inna, maganar ba ta canzawa."

Yana fita na ɗauki waya. Ban yi sallama ba, ban tambayi lafiya ba.

"What happened to Zulai?"

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Sannan:

"She was left behind."

Kun gani? Shi ma! Hedimasta guda, wanda ya san abin da yake yi sarai.

"By whom?"

Na jira. Furar Mardiyya ta tsinke a kwano, ƙuda na zagaye ta.

"Hedimasta, ka mayar mini da jimlar nan *active*. Aikin 'yan aji biyu ne."

Sai bayan la'asar amsa ta zo: "Malama, wata jimlar gara a bar ta yadda take."

Na yi jifa da wayar bisa katifa. Wallahi a lokacin na fara yarda da mutanen bakin famfo. Don me mai gaskiya zai ɓuya bayan nahawu? Kalma ɗaya ce, ya ce "ba ni ba ne", a wuce wurin. Na dubi lallen ƙafata, ya kama ja wur, na ji kamar in kankare shi da dutse. Tsohuwa da jikoki goma sha ɗaya, ga ki nan kina kumbura kan saƙon waya kamar 'yar sha bakwai.

Amma ban taɓa ba ɗaliba sifili ban karanta takardarta har ƙarshe ba.

Alhamis da sassafe na sa tsohuwar atamfata mai ruwan ƙasa, na yafa babban mayafi, na ce wa Mardiyya dubiya za ni. Na shiga motar Bukkuyum, mu huɗu a kujerar mutum uku, da buhun dawa ƙarƙashin ƙafata. Duk inda hanya ta shiga kurmi sai hira ta mutu, kowa na motsa baki, sai an fita a ci gaba daga inda aka tsaya. Malam Labbo ya taɓa ambata mini cewa ƙanwar marigayiyar, Sahura, tana Bukkuyum tun bayan tashinsu, tana sayar da hoce, wainar dawar nan tamu, bayan kasuwa. Ɗan kabu-kabu bai sha wuya ba ya kai ni.

Na same ta a wani ɗan tsakar gida na aro, tana juya hoce a tanda, 'yar siririya, da tsagen Fulani a gefen baki. Ta shimfiɗa mini buhu, muka gaisa, muka sake gaisawa. Da na faɗi sunana sai ta ajiye cokali.

"Ke ce Malamar Gummi. Malam ya yi mini zancenki."

"To kin san abin da ya kawo ni. Kina nan ranar da Zulai ta rasu?"

"Ina nan. Gida guda muke."

"Mi ya faru?"

Ta dubi wuta. "Ƙaddara. An bar ta."

Na rufe ido na ƙirga zuwa biyar. "'Yar'uwa, daga Gummi na taso da ciwon gwiwa. 'An' ɗin nan na ji shi bakin ɗana, na ji shi bakin Malam har da Turanci. Ba 'an' ya kawo ni ba. Wa?"

"Malam ya roƙe mu kada mu hwaɗi."

"A Gummi ana cewa shi ne ya haye mashin ya bar ta tana riƙe masa riga."

Ta zabura har zanenta ya kusa taɓa wuta. "Wa? Malam? La'ilaha illallahu! Mutumin da ko garin ba shi nan? Tun da asuba yat tahi Anka wajen tantance 'yan fansho, da azumi bakinai. Ni da kaina nik kira shi a waya daga cikin karan dawa inda nil laɓe!"

Jama'a, sai komai ya dawo mini. Bencin nan. Farar jamfa. Wayar da ta yi ƙara. Ashe ina riƙe da jan biro ina gyara masa *of* da *in*, a daidai lokacin da ake kashe masa mata.

"To wa ke da mashin?" na ce.

Ta kalle ni. Hocen da ke tanda ya ƙone, ba wadda ta motsa a cikinmu.

"Rabe. Da munka ji harbi, yaz zo da mashin. Ya ɗauki mata tai Mubina da jinjiri da ɗiya biyu. Yaya Zulai ƙahwarta ta kumbura, ba ta iya gudu. Yac ce, 'Inna, jira ni, yanzu ni dawo.' Ta zamna bisa turmi tana jira, da takalminta a hannu. Ya kai su bakin gulbi, ya juyo, ya ji harbin ya yi yawa. Bai dawo ba."

Ta share ido da gefen zane.

"Ba mugu ba ne, Malama. Tsoro na. Har yau ba shi cin abinci in an ambaci sunanta. Malam ya rasa ɗiya huɗu tun suna ƙanana, wanga ɗai ya rage mai. Yac ce in mutane sunka sani, yaron ba shi sake ɗaga kai cikin kasuwa. Yac ce a bar shi a 'an'."

"In ya ce yana Anka ranar, ai ya wanke kansa."

"Awo, haka ne. Sai a ce to wa?"

Ta ƙulle mini hoce a leda, na ƙi, ta tura cikin jakata da ƙarfi.

A mota wajen dawowa haushi ya sake taso mini, wani iri daban. Haushin Muntari da ya cike gurbin da ba a ba shi ba. Haushin Rabe da ke awon wake kusa da mutanen da ke zagin ubansa, ko ya ji ko bai ji ba. Haushin tsohon nan mai taurin kai da ya gwammace ya rasa ni da ya gyara jimla ɗaya. Da haushin kaina, da na kwana ina yanke masa hukunci. Na zaro waya, mota na tsalle, yatsana na zamewa.

"Na je Bukkuyum. Na ga Sahura. Zan gaya wa Muntari komai."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo.

"Please, Malama. He is the last of my children."

Na karanta, na sake karantawa. Idona da ya saba farautar kuskure ya bi jimlar kalma-kalma. *The last of my children.* Cikin mutane ya ware shi, *of* ne wurin. Wata takwas yana aiko mini da saƙo, yau ne kaɗai bai bar mini abin gyara ba.

Na iso gida la'asar sakaliya. Muntari na zaure bisa kujerar roba, ya haɗe rai, Mardiyya ta ji an gan ni a motar Bukkuyum, ta riga ta gaya masa ba dubiya na je ba. Na wuce shi, na shiga ɗaki, na sauko da ƙamus daga saman kabad, na kaɗe ƙura. Takardar tana nan inda na sa ta, jan bironta bai dushe ba. Na dawo na ajiye masa a cinya.

"Rabe ya gaya maka ranar da abin ya faru?"

"Ashirin da bakwai ga azumi, bara waccan. Duk shekara shina sadaka ranar."

"Ina ka kai ni a ranar?"

Ya ɗan yi tunani. "Anka. Wajen tantancewa."

"Karanta sunan da ke ƙasan takardar nan. Karanta kwanan wata. Wannan jan rubutun kuma na wa?"

Ya karanta. Ya sake karantawa, bakinsa na motsi.

"Akwai wani tsoho da ya fito a guje ranar, hula tai ta faɗi," na ce. "Wa ya tsince ta ya bi shi da ita?"

Makullin motar ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa. Ya daɗe bai ɗauka ba. Can ya cire hularsa ya shafa kai.

"Innalillahi. Shi ne? Inna, na ɗauki alhakin bawan Allah."

"Ka ɗauka, ka raba wa gari. Gobe in sun zo?"

"Zan karɓe su. Ni zan fara ba shi haƙuri." Ya ɗago kai. "To amma Inna, in ba shi ba ne, wa ya bar ta?"

Wayar tana cikin tafin hannuna, ƙarƙashin mayafi, saƙon na nan buɗe. Bayan labule ina jin numfashin Mardiyya, wadda ke da wani gidan sunan ranar Asabar. Ranar kasuwa kuma Muntari zai tsaya kusa da Rabe, mudu ɗaya, buhu ɗaya.

Na karɓi takardata, na ninke ta yadda take.

"An bar ta," na ce. "Tashi ka sa a sayo goro."

Ranar ashirin da bakwai ga azumi, Malam Labbo yana Anka, zaune kusa da ni a kan benci. Zulai tana bisa turmi da takalminta a hannu. Rabe ne ya bar ta.